Yadda Ake Sabunta Ɗakin Kwana ta Hanyar Gyara Tsofaffin Kayan Katako da Hannu

Idan ɗakin kwana ya fara gundurar mai shi, abin da ya fi saurin zuwa masa a rai shi ne ya fitar da gado da durowa da kabad ya sayo sababbi. Sau da yawa kuwa katakon lafiyarsa lau, fatar da ke samansa ce ta gaji: banish ya tsattsage, fenti ya ɓaɓɓare a gefe, gindin kofi ya bar zobe a kan teburin gefen gado, mariƙin durowa ya yi tsatsa. Duk waɗannan aibobi kaurinsu bai kai milimita ɗaya ba, kuma wanda bai taɓa zama a gaban kafinta ba zai iya kawar da su, muddin ya yarda cewa mafi yawan aikin ana yin sa ne tun kafin a buɗe gwangwanin fenti. Shafa fentin shi ne mafi sauƙi kuma mafi gajarta a cikin matakan. Abin da ke raba aiki mai kyau da wanda zai ɓare bayan wata uku shi ne sanin irin katakon, da tsabtace shi, da goge shi, da kuma haƙurin barinsa ya yi ƙwari.

Tsara ɗakin kafin a taɓa komai

Ya kamata a fara da tsayawa a bakin ƙofa a dubi ɗakin kamar baƙo. Abin da ido ya fara sauka a kai, wanda galibi kan gado ne ko kabad ɗin kaya, shi zai ja ragamar sauran. Daga nan a yanke shawara a kan kowane abu ɗaya bayan ɗaya: wanda za a yi wa fenti, wanda za a fito da asalin katakonsa a shafa masa banish ko mai, wanda wanki da sabon mariƙi kawai yake bukata, da wanda ya kamata ya bar ɗakin gaba ɗaya. Ba dole ba ne kayan su zama launi ɗaya. Masu adon ɗaki suna da wani ƙiyasi da suke yawan bi, wato kashi 60 na ɗaki ya zama launi ɗaya mai rinjaye, kashi 30 launi na biyu, kashi 10 kuma launin da ke jan ido. A ɗakin kwana bango ne ke ɗaukar kaso mafi girma, kayan katako da labule su ɗauki na biyu, mariƙai da fitila da matasan kai su ɗauki na ƙarshe. Ƙiyasi ne kawai, amma yana hana mutum ya wayi gari da launuka biyar suna faɗa da juna.

Launin da aka gani a jikin gwangwani ko a waya ba abin dogaro ba ne. A shafa ɗan kaɗan a kan kwali ko guntun katako, a jingina shi a inda kayan za su zauna, a dube shi da safe, a dube shi da rana, sannan a dube shi da dare a ƙarƙashin fitilar ɗakin, domin launin toka da ya yi kyau da rana yana iya komawa shuɗi ko kore da dare.

Shawarata ita ce a fara da abu mafi ƙanƙanta, wato teburin gefen gado. A kansa hannu zai faɗa, kuma idan an yi kuskure, gyaransa aikin yini ɗaya ne. Gado ya zo a ƙarshe, kuma kafin a kwance shi a tanadi inda za a shimfiɗa katifa na tsawon mako biyu ko fiye.

Gane abin da ke hannu

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma a nan ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Kayan katako iri uku ne ta fuskar abin da aka yi su da shi, kuma kowanne da yadda ake bi da shi.

Na farko shi ne katako tsantsa. Ana gane shi ta hanyar duba bakin allon: zanen jijiyar itacen da ke sama yana gangarowa ya ci gaba a gefe, a ƙarshen allon kuma ana ganin layukan da ke nuna shekarun bishiyar. Irin wannan yana jure gugar sanfefa sau da yawa, ana iya yi masa rini, ana iya yi masa fenti, ana iya barinsa da mai kawai.

Na biyu shi ne wanda aka lulluɓe da siririn fallen katako mai kyau a kan allo mai araha. A kayan zamani kaurin wannan falle bai cika wuce milimita 0.6 ba, wato bai kai kaurin katin banki ba. A ido yana kama da katako tsantsa, amma idan aka dubi gefen baya ko ƙasan allon za a ga layin da fallen ya haɗu da abin da ke ƙarƙashinsa, kuma zanen sama ba ya dacewa da na gefe. Injin guga yana iya huda shi cikin daƙiƙa kaɗan, musamman a kusurwa, kuma idan ya huje babu rinin da zai ɓoye tabon. Irin wannan da hannu ake goge shi, da sanfefa mai laushi.

Na uku shi ne allon garin katako da aka matse da gam, kamar MDF, aka manna masa leda ko takarda mai hoton katako. Zanensa yana maimaita kansa daga wannan ƙofa zuwa waccan, kuma yana da santsi irin na roba. Wannan ba ya shan rini ko mai ko kaɗan, domin babu katako a samansa. Fenti ne kawai maganinsa, shi ma sai da firaima, wato shafin share fage da ake yi kafin fenti, mai kama santsi. Idan irin wannan allo ya sha ruwa ya kumbura ya fara marmashewa, gaskiya ba ya komawa yadda yake, kuma ɓata lokaci ne a yi ta fama da shi.

A wannan dubawar ce kuma za a nemi alamar ƙwari. Ƙananan ramuka masu faɗin milimita 1 zuwa 2 tare da sabon gari mai haske a ƙarƙashinsu suna nuna cewa ƙwaron da ke cin katako yana nan da rai, kuma dole a yi masa magani kafin a rufe ramukan. Allon da ya yi ƙara kamar babu komai a ciki idan an ƙwanƙwasa shi yana iya kasancewa gara ta cinye cikinsa. Wanda ya samo gado na hannu kuma ya haska mahaɗansa da tocila ya nemi ɗigon baƙi na kuɗin cizo kafin ya shigar da shi gida.

Sai gwajin tsohon shafin da ke kai. A sami wurin da ba a gani, a ɗiga sifirit a auduga a goga. Idan shafin ya yi laushi ya narke, shalak ne, wato wani ƙaro da ake samu daga jikin wani ƙwaro ake narkawa a sifirit, kuma an yi amfani da shi sosai a tsofaffin kaya. Idan bai motsa ba, a gwada tina mai ƙarfi, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi; wanda ya narke da ita shafin feshi ne na masana'anta. Wanda ya ƙi duka biyun banish ne na mai ko foliyuretan, wani nau'in banish mai ƙwari. Idan kuma aka kankari wurin da farce wani abu mai danƙo ya taru, akwai kaki a kai, kuma babu fentin da zai zauna a kan kaki.

Akwai wata magana da ba ta wasa ba. Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma. Amurka ta haramta fentin dalma a gidaje da kayan ɗaki a 1978, amma ƙasashe da yawa sun yi jinkiri ƙwarai, wasu ma har yanzu ba su da dokar. Ƙurar dalma tana lahanta ƙwaƙwalwar yara da ɗan tayi, kuma lahanin ba ya warkewa. Ana sayar da ɗan tsinken gwaji da ke sauya launi idan ya taɓa dalma. Idan gwaji ya nuna akwai ta, ko kuwa fentin tsoho ne kuma ba a sami damar gwadawa ba, kada a goge shi a bushe, kada kuma a ƙona shi da wuta. A cire shi da maganin cire fenti ko da sanfefa a jiƙe, nesa da yara da mai juna biyu, ko a miƙa aikin ga gwani.

Wurin aiki da kayan aiki

Ba a yin wannan aiki a cikin ɗakin da ake kwana. A sami wuri mai inuwa, mai iska, wanda ƙura ba ta kaɗawa, a shimfiɗa leda ko kwali a ƙasa. Yanayin da fenti ya fi so shi ne tsakanin digiri 10 da 30 a ma'aunin Salshiyos. Rana mai zafi tana busar da saman fenti kafin ya baje, damshi mai yawa kuma yana hana shi bushewa.

Kayan aikin ba su da yawa: sukurudireba, guduma, makankari, sanfefa mai lamba 80 da 120 da 180 da 220 da 320, guntun katako da za a naɗa sanfefar a kai, gam ɗin katako, fila ta cike rami, tef ɗin takarda, tsummokin auduga marasa zubar da zare, buroshi mai faɗin santimita 5, ƙaramar rola ta soso, safar hannu, tabarau, da takunkumin ƙura mai lamba N95 ko FFP2. Wannan takunkumin ƙura kawai yake tarewa. Tururin tina da na maganin cire fenti sai takunkumi mai matatar gawayi. Idan akwai abu ɗaya da bai kamata a yi rowa a kansa ba, buroshi ne, domin mai araha yana zubar da gashi a cikin fenti. Mai gashin roba shi ne na fentin ruwa, mai gashin dabba kuma na fentin mai.

Kwancewa, wanki da gyara

A cire duk abin da ke ciruwa: mariƙai, hinji, madubi, ƙofofi, da aljihunan durowa. A rubuta lamba a bayan kowane aljihu da fensir, domin a tsohuwar durowa kowane aljihu ya saba da raminsa, kuma idan aka musanya su sai su riƙa cijewa. Notinan kowane ɓangare su shiga ledarsu daban. Ɗaukar hoto da waya kafin a kwance gado yana rage gardama ranar haɗawa.

Wanki yana zuwa kafin guga. Shekarun man shafawa da gumin hannu da man goge kaya sun kwanta a kan katakon, musamman a kan gado inda ake jingina kai da kewayen mariƙai, kuma sanfefa ba ta cire maiƙo, cusa shi take yi cikin katako. A wanke da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, da tsumma da aka matse sosai, a sake gogewa da ruwa zalla, a bar shi ya bushe har kwana ɗaya. Inda akwai kaki a goge da farin sifirit, wato ruwan tsinka fentin mai, ba sifirit ɗin gwajin shalak ba, ana juya tsumma zuwa wuri mai tsabta a kai a kai. Man feshi na goge kaya yakan ƙunshi silikon, wanda ke sa sabon shafi ya tsattsage ya yi ramuka kamar idon kifi, saboda haka kayan da aka daɗe ana fesa wa irin wannan man suna bukatar wanki biyu.

Bayan haka sai gyara. Ƙafar da ke girgiza a zare ta, a kankare tsohon gam daga bakinta da cikin raminta, domin sabon gam ba ya kama tsoho, a shafa sabo, a matse, a goge wanda ya tsatso da tsumma mai damshi nan take. Farin gam na katako yana kamawa cikin awa ɗaya, amma sai bayan awa 24 ake ɗora masa nauyi. Buga ƙusa a mahaɗin da ya saki ba gyara ba ne, yana ƙara tsaga katakon ne kawai. Ramin noti da ya buɗe ana cusa masa tsinkaye da gam, idan ya bushe a yanke saman a mayar da notin. Fallen da ya ɗago ana zura masa gam a ƙarƙashi, a ɗora leda, a danne da abu mai nauyi har gari ya waye. Loɓawar da bugu ya jawo, wadda jijiyar katako ba ta yanke ba, sau da yawa tana tasowa idan aka ɗora tsumma mai damshi aka danna dutsen guga mai zafi na daƙiƙa kaɗan, amma wannan dabarar a kan katako tsirara take aiki. Ramuka da tsagogi a cike su da fila a ɗan zarce saman, domin tana shanyewa idan ta bushe.

Idan za a sauya mariƙai, yanzu ne lokacin auna tazarar ramukansu daga tsakiya zuwa tsakiya. Tazarar milimita 96 da 128 suna cikin waɗanda aka fi samu. Idan sabon mariƙin bai dace da tsohuwar tazara ba, a cike tsofaffin ramuka a huda sababbi kafin fenti.

Guga

A nan hanya take rabuwa biyu. Wanda zai yi fenti a kan shafin da bai ɓare ba ba ya bukatar ya kai ga katako. Abin da ake nema shi ne a kashe ƙyallin da sanfefa mai lamba 180, har saman ya yi dishi-dishi ko'ina, domin firaima ta sami abin kamawa. Wannan aikin rabin awa ne a kan teburin gefen gado. Wanda yake son asalin katako ya fito kuwa dole ya cire tsohon shafin gaba ɗaya, domin duk inda ɗigon banish ya rage rini ba zai shiga ba, wurin zai fito fari kamar tabo.

Shafi mai kauri, ko kaya masu sassaƙa, ko mai siririn falle, sun fi dacewa da maganin cire fenti. A shafa shi da kauri, a bar shi iya lokacin da aka rubuta a jikin gwangwani, a rufe da leda idan yana saurin bushewa, sannan a kankare da makankarin roba ana bin tsawon jijiya. A karanta abin da maganin ya ƙunsa. Sinadarin metilin kuloraid yana aiki da sauri, amma tururinsa ya kashe mutane a ɗakuna marasa iska, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana sayar wa jama'a maganin cire fenti mai ɗauke da shi, Amurka ma ta bi sahu a 2019. Waɗanda suka maye gurbinsa suna ɗaukar awoyi, amma sun fi aminci.

Lambar sanfefa tana nuna girman tsakuwarta: ƙaramar lamba ta fi kaushi. A katako tsantsa mai kaushi a fara da 80, a koma 120, sannan 180, a ƙare da 220. Kowace lamba aikinta shi ne ta share karcen da ta gabanta ta bari, saboda haka tsalle daga 80 zuwa 220 yana barin layuka da ba a gani sai an shafa rini, sannan su fito ɓaro-ɓaro. A kan siririn falle a fara daga 180. Kullum a bi tsawon jijiyar katako, kada a gitta ta, kada a yi zagaye. A naɗa sanfefar a guntun katako domin yatsu suna haƙa kwari a saman da ya kamata ya zama shimfiɗaɗɗe, kuma a sassauta hannu a bakin allo da kusurwa. Ba a wuce 220 idan za a yi rini, domin katakon da ya yi santsi fiye da kima ba ya sha.

Hanyar gane an gama ita ce a haska tocila daga gefe, kusan a kwance da saman allon, a kuma shafa tafin hannu ido a rufe. Abin da ido ya rasa hannu yana jin sa. Daga nan a share ƙura da buroshi, a bi da tsumma mai ɗan damshi, har cikin kusurwoyi da ramukan aljihu.

Idan fenti aka zaɓa

Firaima ce ke haɗa tsohon saman da sabon fenti. A kan allo mai leda a nemi wadda aka rubuta cewa tana kama santsi. A kan katako mai ja kamar mahogani, ko mai idanu masu fitar da ƙaro, ko wanda ya sha hayaƙi, a yi amfani da firaima mai shalak, domin in ba haka ba wani ruwan ɗorawa ko ja zai riƙa tsatsowa ta cikin farin fenti komai yawan shafin da aka yi. Bakin allon MDF yana shan ruwa kamar soso, ya kan bukaci shafi biyu. Idan firaima ta bushe a ɗan shafe ta da 220 a share.

Fentin bango bai dace da kayan ɗaki ba, yana da laushi kuma yana maƙale wa abin da aka ɗora a kai. A nemi wanda aka yi don katako da ƙarfe. Na ruwa ba shi da wari sosai, yana saurin bushewa, farinsa kuma ba ya komawa ruwan ɗorawa, shi ya sa na fi son sa a ɗakin kwana. Na mai ya fi bajewa sumul kuma ya fi ƙwari, amma warinsa yana daɗewa. Mai ƙyalli sosai yana tona kowane aibi, marar ƙyalli sam yana kama dattin hannu, mai matsakaicin sheƙi shi ne ya fi sauƙin zama da shi. Lita ɗaya tana rufe kimanin murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafi ɗaya, saboda haka takan ishi durowa da teburan gefen gado biyu.

A motsa fenti da sanda har ƙasa. A tsoma sulusin gashin buroshi kawai. A fara da kusurwoyi da sassaƙa, a bi shimfiɗaɗɗun wurare da rola, sannan a ja buroshi sau ɗaya a hankali daga wannan baki zuwa wancan. Ƙofofi da fuskokin aljihu a kwantar da su a yi musu fenti, domin a kwance fenti ba ya zuba. Shafi na farko ba ya yin kyau, ana hango abin da ke ƙasa, kuma a nan ne zuciya take raya wa mutum ya ƙara kauri. Kada a biye mata. Siraran shafi biyu ko uku sun fi mai kauri ɗaya ƙwari da kyau. Wurin da ya fara bushewa kada a koma masa da buroshi. Idan an ga ɗigo, a bari ya bushe a goge shi. Fentin ruwa yakan karɓi shafi na gaba bayan awa 2 zuwa 4, na mai kuma bayan awa 16 zuwa 24, amma abin da ke jikin gwangwani shi ne hukunci. Gefen aljihun durowa da hanyar da yake bi ba a yi musu fenti, domin kaurin shafi biyu ya isa ya hana shi rufuwa.

Idan asalin katako ake so

Rini launi kawai yake bayarwa, ba ya kare katako. A gwada shi a ƙasan allon tukuna. A shafa da tsumma ko buroshi, a bar shi minti 5 zuwa 15 gwargwadon duhun da ake so, sannan a goge duk wanda bai shiga ba. Rinin da aka bari ya bushe a sama yana zama danƙo, ya hana banish kamawa. Itace mai laushi yana shan rini da bambanci, wani wuri ya yi duhu wani ya yi haske, saboda haka a fara shafa masa ruwan share fage da ake sayarwa don wannan. Ƙarshen allo ma ya fi sauran shan rini, sai a rage masa.

Abin da za a rufe da shi ya danganta da wahalar da kayan za su sha. Saman durowa da teburin gefen gado, inda ake ajiye kofi da turare, foliyuretan ya fi dacewa da su, shafi uku, ana shafe kowanne da sanfefa mai lamba 320 kafin na gaba, ban da na ƙarshe. Na mai yana ƙara wa katako ɗumin launi kuma yana ƙara ja da shekaru, na ruwa yana zama garau. Ba a girgiza gwangwanin banish, motsa shi ake yi a hankali, domin kumfa tana bushewa a cikin shafi. Shalak yana da kyau kuma yana bushewa da wuri, amma turare yana narkar da shi, don haka bai dace da teburin madubi ba. Kan gado da jikin kabad kuwa man shafa wa katako kawai ya ishe su, kuma shi ne mafi sauƙi ga sabon hannu: a shafa, a jira minti 15 zuwa 20, a goge har saman ya bushe a hannu, a maimaita washegari, sau uku ko huɗu.

Tsummokin da suka sha irin wannan mai, musamman man linsid, suna iya kamawa da wuta da kansu, domin man yana fitar da zafi yayin da yake bushewa, kuma a cikin tsumma da aka dunƙule zafin ba ya samun hanyar fita. A baza su ɗaya ɗaya a waje a kan siminti har su ƙandare, ko a nutsa su a ruwa cikin gwangwani mai murfi.

Gadon ƙarfe hanyarsa gajeriya ce: a kankare tsatsa da buroshin waya, a bi da sanfefa mai lamba 120, a goge maiƙo, a shafa firaima mai hana tsatsa a ranar, sannan siraran shafi biyu. Idan fentin feshi ne, a riƙe gwangwanin da tazarar santimita 20 zuwa 30, hannu yana tafiya tun kafin a danna.

Mayar da kaya ɗaki

Bushewa daban, yin ƙwari daban. Fentin da ya bushe a hannu cikin awa ɗaya yana iya ɗaukar mako uku zuwa huɗu kafin ya kai cikakken ƙarfinsa. Ana iya haɗa kayan bayan kwana biyu ko uku, amma a wannan tsakanin kada a ɗora fitila ko littattafai ko kwalabe a kai, kada a wanke, ƙofofi kuma a bar su a ɗan buɗe domin kada su manne. Gwajin da na fi yarda da shi shi ne a danna farce a wurin da ba a gani. Idan ya bar alama, da saura. Kayan su zauna a wuri mai iska har wari ya tafi kafin su shiga ɗaki, domin mutum yana shafe awa bakwai ko takwas yana shaƙar iskar ɗakin kwana, sau da yawa taga a rufe. Tufafi ma kada su koma aljihu da wuri, suna ɗaukar wari.

Wannan jiran shi ne lokacin da ya dace a yi wa bango fenti, tun da ɗakin fayau yake. Tsofaffin mariƙai na tagulla a wanke su da ruwan sabulu a goge, sau da yawa sun fi sababbi nauyi da kyau. A goga kyandir a hanyar aljihun katako domin ya riƙa zamewa, a shimfiɗa takarda a cikinsa, a manna ɗan ƙyalle mai kauri a ƙarƙashin ƙafafu. Notinan mariƙai da hannu ake ɗaure su, kada a matse har su nutse cikin sabon fenti.

Gado ne ke fara shiga, a bar aƙalla santimita 60 a kowane gefen da ake saukowa, kuma a tabbata ƙofar kabad da aljihun durowa suna buɗewa har ƙarshe. Kayan da aka yi wa rini kada su zauna inda rana ke dukansu kai tsaye, domin suna koɗewa. Ƙwan fitila mai hasken ɗumi, wanda aka rubuta wa 2700K ko 3000K, ya fi fito da launin katako fiye da farin haske mai kama da na ofis. Doguwar durowa da kabad kuwa a ɗaure su da bango ta baya da ƙarfe mai kusurwa ko maɗauri, domin idan yaro ya jawo aljihu ya taka shi, nauyin yana komawa gaba durowar ta rufto masa. Notin ya shiga jikin katakon sama mai kauri, ba siririn allon baya ba, ɗaya ɓangaren kuma ya kama bulo ko ginshiƙin da ke cikin bangon.